Linux Mint a shagon buga takardu: inda ya fisshe ni da inda bai kai ba

Ranar 14 ga Oktoba 2025 wa'adin kulawar da kamfanin Microsoft ke yi wa Windows 10 ya ƙare. Windows 11 kuma ba kowace kwamfuta yake karɓa ba: yana neman guntun tsaron da ake kira TPM 2.0, a ɓangaren Intel kuma sai inji na zubi na takwas zuwa sama. Duk wanda ya san irin laftof na hannu da ke cika kasuwanninmu ya san da yawansu ba su kai nan ba, alhali lafiyarsu ƙalau, kibod da allo duk garau. Shagona na buga takardu da hoton takarda yana kusa da wata makarantar gaba da sakandare a Zariya, kuma kwamfutocin da nake cin abinci da su irin waɗannan ne. Shi ya sa na ɗora Linux Mint 22 a kan biyu daga ciki, na bar ɗaya da Windows. Na daɗe ina aiki da shi kullum, daga safe har bayan isha'i, don haka abin da zan faɗa abin da hannuna ya taɓa ne.

Linux babbar manhaja ce, wato wadda ke tuƙa kwamfutar baki ɗaya kamar yadda Windows ke yi. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991. Kyauta ce, kuma lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya raba, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara. Saboda haka ake da iri-iri. Shi Mint wani Bafaranshe ne, Clément Lefèbvre, ya fara shi a 2006, kuma an gina shi ne a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004. Mint 22 ya fito a Yulin 2024, kuma za a ci gaba da ba shi gyaran tsaro har 2029. Wannan wa'adin shi ne abu na farko da ya ja hankalina, domin mai shago ba ya son abin da zai riƙa rushewa yana sake gini duk shekara.

Babbar kwamfutar aikina ThinkPad T430 ce, ƙirar 2012, da na ƙara wa ram zuwa giga 8 na kuma sauya mata rumbun ajiya da SSD, wato rumbu mai sauri. Ita na sa wa nau'in Cinnamon, wanda fuskarsa ta fi kama da abin da mai Windows ya saba: maɓallin menu a ƙasa ta hagu, agogo ta dama, folda-folda a inda ido ke nemansu. Ɗayar kuwa mai ram giga 4 ce, na sa mata nau'in Xfce da ya fi sauƙin nauyi. Masu Mint sun ce giga 2 na ram da fili giga 20 sun isa a ɗora shi, amma su da kansu giga 4 suke ba da shawara. Ni ma na ce kada a sauka ƙasa da 4, domin ba Mint ɗin ke cinye ram ba, shafukan intanet na zamani ne. Sai a lura kuma, tun daga Mint 20 an daina fitar da na kwamfutoci masu 32-bit, don haka tsofaffin can sosai ba sa ɗauka.

Ɗora shi ba wuya. Fayil ɗin ya kusa giga 3, na sauke shi da datar dare. Aka rubuta shi a kan filash da wata ƙaramar manhaja mai suna Etcher, na sake kunna kwamfutar ina danna F12 (a HP F9 ne), na zaɓi filash ɗin. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne Mint yana tashi cikakke daga kan filash ba tare da ya taɓa komai a cikin kwamfutar ba. Kana iya shiga intanet, ka kunna sauti, ka gwada kyamara, ka jona firinta, duk kafin ka yanke shawara. Idan bai yi maka ba, ka zare filash, Windows ɗinka na nan yadda ka bar shi. Ina roƙon duk mai niyya ya ba wannan gwajin lokacinsa, domin duk abin da zai ba ka ciwon kai daga baya a nan yake fara nuna kansa.

Wuri guda ne kawai a cikin aikin yake buƙatar nutsuwa, inda ake tambayar ko a goge rumbun baki ɗaya ko a zaunar da Mint kusa da Windows. Wanda ya zaɓi gogewa, komai ya tafi, har hotunan biki da furojet ɗin mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya: a kwashe fayiloli zuwa wani rumbu tun kafin a jona filash. Akwai kuma wani ɗan akwati da ake tambayar ko a haɗa da abubuwan kunna bidiyo da sauti, a danna shi. Sauran duk suna ne da kalmar sirri da zaɓen yankin agogo, wanda namu yake ƙarƙashin Legas. Kafin shayin da na aika a sayo ya huce an gama.

Da ya tashi, LibreOffice, manhajar rubutu irin Word, na ciki, Firefox na shiga intanet na ciki, da mai karanta PDF da manhajar sikana. Ba neman lambar lasisi, ba saƙon da ke fitowa a kusurwar allo yana cewa kwafinka ba na gaskiya ba ne. Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin shagunan irin nawa da fasassun manhajoji suke aiki, waɗanda ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu kafin su iso hannunmu. Raina ya daɗe bai kwanta da wannan ba, ta fuskar haƙƙi da ta fuskar amanar takardun mutane. Yanzu a kan waɗannan kwamfutoci biyu ba ni da wannan nauyin.

Inda Mint ya fi yi mini rana shi ne maganar filash. Ɗalibi zai shigo da filash ɗin da ya zaga shaguna da kwamfutocin abokai, ya ɗauko bairos ɗin nan da ke ɓoye folda ya bar shotkot a madadinta. Irin wannan bairos don Windows aka rubuta shi, a kan Linux ba ya motsi. Wata ɗaliba ta zo saura kwana kaɗan ta miƙa furojet, idonta ya yi ja, ta ce, "Malam, don Allah ka duba mini, babi huɗu da biyar duk sun ɓace, kuma ba ni da wani kwafi." Na jona filash ɗin a ThinkPad. Ga fayilolin shotkot a jere, ga wani baƙon fayil da ba ita ta sa ba, ga kuma wata folda marar suna a can ƙasa. Na buɗe ta, aikinta na ciki cif, har da hotunan jadawalin da ta zana. Na kwashe shi gefe, na yi wa filash ɗin fomat, na mayar mata. Tun daga lokacin na kafa doka a shago: duk filash ɗin da ya shigo daga waje, a kan Mint ake fara jona shi. Ba ina cewa Linux ba ya kamuwa da komai ba ne, kuma wanda zai yaudare ka ya karɓi kalmar sirrinka ta intanet bai damu da irin kwamfutarka ba. Amma wannan annobar ta filash, wadda ta sa muke yi wa kwamfuta fomat kusan kowane zangon karatu, ta ƙare a wurina.

Sai rubutun Hausa. A cikin saitin kibod akwai tsarin Hausar Najeriya, akwai ma na Gana, kuma da shi ake samun ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kai tsaye ba tare da an sauke komai ba. Ɗaliban sashen Hausa da masu kawo rubutun waƙa sun san darajar wannan, domin sun gaji da takardar da aka buga musu ƙasa ta koma kasa. Larabci ma haka: da zarar an kunna rubutun dama zuwa hagu a LibreOffice, aka sa harafin Amiri, tambayoyin jarrabawar Islamiyya suna fita da wasullansu tsaf.

Amma aikin takardu yana da wani tarko da ya kamata kowa ya sani. LibreOffice na buɗe fayilolin Word, yana kuma ajiyewa a tsarinsu, sai dai haruffan Times New Roman da Arial da Calibri ba sa zuwa da Mint, domin mallakar wasu kamfanoni ne. Yana maye gurbinsu da masu faɗi iri ɗaya, kamar Liberation Serif a madadin Times New Roman. Sau da yawa ba a ganin bambanci. To amma furojet mai shafi tamanin, mai jadawali da lambar shafi iri biyu, wani lokaci layi kan zame, kan babi ya faɗo ƙasan shafin da ba nasa ba. Kuma malamin da ya ce Times New Roman lamba 12 yake so, shi yake so. Maganin da na samu biyu ne. Akwai wani ƙunshi a Software Manager, wato wurin sauke manhajoji na Mint, mai suna ttf-mscorefonts-installer da ke sauko da Times New Roman da Arial, akwai kuma Carlito da ke tsayawa a gurbin Calibri. Na biyu, ina gaya wa ɗalibai duk wanda bugawa kawai yake so ya kawo aikinsa a PDF, domin PDF ba ya motsi a kowace kwamfuta. Masu lissafin babi na huɗu kuwa, manhajar PSPP tana buɗe fayilolin SPSS, wato manhajar ƙididdigar alƙaluman bincike, tana kuma yin lissafin da yawancinsu ke buƙata.

Inda bai kai ba shi ne zane. CorelDRAW ba shi da na Linux, Photoshop ma haka. Akwai Inkscape da GIMP, kuma manhajoji ne na gaske, na yi katin suna da fom da su. Sai dai kasuwar katin biki da bana da kalanda a garin nan da fayil ɗin Corel take magana. Mai injin buga bana zai ce ka turo masa a Corel, abokin ciniki zai kawo tsohon zanensa a Corel ya ce a sauya kwanan wata kawai. Inkscape kan buɗe wasu, amma ba abin da zan jingina alkawarin ranar ɗaurin aure a kansa ba ne. Haka nan wasu manhajojin ɗaukar hoton yatsa da ake rajista da su na Windows ne kaɗai. Dalilin da ya sa kwamfuta ta uku ta zauna da Windows ke nan, kuma duk wanda zane ne tuwonsa ba zan ce ya goge nasa ba.

Firinta sa'a ce da sa'a. Babbar da nake aiki da ita, ina jona waya Mint ya gane ta, ban sauke komai ba. Yawancin sababbin firintoci haka suke, musamman masu aiki ta Wi-Fi. Amma ina da wata ƙarama tsohuwa da kamfaninta bai kula da direbanta na Linux ba, ta ci mini lokaci sosai, ƙarshe na mayar da ita kan kwamfutar Windows. Kafin ka sauya, ka rubuta sunan firintarka da lambarta tare da kalmar Linux a intanet ka ga abin da mutane suka ce.

Game da data da wuta, waɗanda su ne ainihin lissafin mai shago a nan, Mint ya san mutunci. Ba ya sauke sabuntawa sai ka ce, sai dai in kai ka kunna masa ya riƙa yi da kansa. Wata 'yar garkuwa ce a kusa da agogo take nuna akwai sabo, ka buɗe manhajar sabuntawar, wato Update Manager, ka ga girman abin da za a sauke, ka bari sai dare. Ba ya kashe kansa yana sake tashi a tsakiyar aiki alhali janareta na shan mai. Wayar Android kuma ana jona ta da waya a kunna raba intanet, sai kawai ta kama. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: a Software Manager wasu manhajojin an shirya su ne a wani tsari da ake kira Flatpak, kuma na farkon da za ka sauke yakan jawo wasu ɗaruruwan mega na kayan da yake dogara da su. A duba girman kafin a danna. In akwai manhajar a nau'in da aka saba, shi ya fi sauƙin data.

Timeshift shi ne abin da nake cewa a kunna tun ranar farko. Yana ɗaukar hoton yadda tsarin kwamfutar yake, ta yadda in wani abu ya lalace za a koma jiya. An taɓa ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa a ƙaramar kwamfutar, wadda batirinta ya riga ya mutu, ta tashi ba ta kaiwa ga allon shiga. Na tayar da ita daga filash ɗin da na ɗora Mint da shi, na buɗe Timeshift, na zaɓi hoton da ya gabata, ta dawo daidai. Shi ya sa filash ɗin nan yana cikin aljihun tebur, ba a sa komai a kansa. A sani dai Timeshift tsarin kwamfuta yake karewa, ba takardunka ba. Su sai ka riƙa kwafe su da kanka.

Maganar neman taimako ita ce ta fi muhimmanci a wurina, domin a nan mutane ke karaya su koma inda suka fito. Mint ba shi da ofis a Kaduna ko Kano, ba lambar waya da za ka kira. Ƙaramar tawaga ce ke yin sa, da gudummawar da masu amfani da shi ke bayarwa, kuma duk wata suna wallafa abin da aka tara. Taimako yana zuwa ne daga jagorar ɗorawa da ke shafinsu, da bayanin matsalolin da aka sani wanda ke fita tare da kowane sabon zubi, sai dandalin tattaunawarsu inda 'yan sa-kai ke amsa tambayoyi. Ba wanda ake biya a cikinsu, amma na same su masu haƙuri da sanin aiki, in dai ka kawo tambayarka yadda za a iya amsa ta.

Ƙaramar kwamfutar ta taɓa yin wata ɗabi'a: in aka rufe murfinta aka buɗe, Wi-Fi ya ɓace sai an sake kunna ta. Yaron shagona ya ce, "Oga, mu rubuta musu kawai Wi-Fi ba ya yi." Na ce masa likita ma sai ya ji inda ke ciwo. Na buɗe manhajar System Reports da ke cikin Mint, na kwafo bayanin kayan cikin kwamfutar baki ɗaya, wanda ke nuna sunan katin Wi-Fi da direban da ke tuƙa shi da lambar zubin Mint. Na liƙa shi, na rubuta abin da ke faruwa da lokacin da yake faruwa da abin da na riga na gwada. Washegari na tarar da amsa: wani ya gane katin, ya ba ni layi biyu da zan rubuta a Terminal don kashe yanayin tsimin wutar katin, ya kuma bayyana abin da kowane layi ke yi da yadda zan warware shi in bai yi ba. Ya yi. Na koma na sa alamar an warware a kan tambayar, domin wanda zai zo nema bayana. Ban san sunan mutumin na gaskiya ba, ban san ƙasarsa ba, ya ba ni lokacinsa kyauta, kuma har yau ina yi masa fatan alheri.

Terminal ɗin nan, baƙin allon da ake rubuta umarni, shi ke tsorata mutane. Aikin yau da kullum ba ya buƙatarsa ko kaɗan. Yaron shagona yana wuni yana aiki bai buɗe shi ba. Masu taimako suna son sa ne don ya fi sauƙi a ce rubuta kaza da a ce danna nan, ka gangara can. Haɗarin yana wurin kwafo umarni daga bidiyon YouTube ko wani tsohon shafi ba tare da an san aikinsa ba, musamman wanda ya fara da sudo, domin wannan kalmar tana ba umarnin ikon taɓa komai a kwamfutar. A duba shekarar da aka rubuta shawarar, a duba ko da zubin da kake da shi ake magana. Tun da Mint 22 a kan Ubuntu 24.04 yake, yawancin maganin da aka rubuta don wannan Ubuntu yana yi masa aiki, wannan kuma ya faɗaɗa wurin nema ƙwarai.

A gida kuwa taimako ya yi ƙaranci. Masu gyara da yawa, da sun buɗe laftof suka ga ba Windows ba ne, maganarsu ta farko ita ce a yi fomat, ko da kuwa matsalar ta fanka ce ko ta wurin caji. In za ka kai gyara, ka faɗa da bakinka cewa kada a taɓa rumbun ajiya, in da hali ma ka cire shi ka riƙe. Ba na ganin laifinsu sosai, abin da aka koya musu ke nan, amma duk matashin mai gyara da ya koyi Linux yanzu zai sami masu nemansa, domin kwamfutocin da Windows 11 ya bari a baya suna da yawa.

Ga ɗalibi, da malamin makaranta, da mai shagon da aikinsa bugawa ne da cike fom a intanet, da makarantar da aka ba kyautar tsofaffin kwamfutoci, ina ba da shawarar Mint ba tare da jan numfashi ba. Abin da ya rage yana damuna shi ne harshe. Kusan duk taimakon da Turanci yake. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna iya ɗora shi da Faransanci, kuma dandalin yana da sashen masu Faransanci, amma babu na Hausa. Mutumin da ya iya aikinsa sarai yana iya tsayawa cak a gaban saƙo guda na Turanci da ke tambayarsa ko ya amince a sauya wani abu. Fassarar manhajojin Mint a shafin Launchpad ake yin ta, kuma 'yan sa-kai ne ke yi, kowa na iya shiga. Na fara tattara kalmomin da muke faɗa a shago ina rubuta su a littafi, kuma in da waɗanda za mu haɗa hannu, Update Manager da Timeshift nake so mu fara da su, domin a gabansu na fi ganin hannun mutane yana rawa.